Tashin Tsohuwar Aska

A Katanga, da sauran garuruwan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, da wuya ka shiga tsohon gidan wanzamai ba ka tarar da zabira rataye a bango ƙura ta rufe ta ba. In ka zazzage ta sai ka ga ƙaho, da 'yar tsaga, da asake uku ko huɗu waɗanda tsatsa ta ci. Ba wai wanzanci ya mutu ba ne. Har gobe ana askin suna, ana kaciya, ana ƙaho. Aska ce dai reza ta kora.

Dalilin kuwa ba na wasa ba ne. Tun 1986, da aka ba da sanarwar ɓullar ƙanjamau a Nijeriya, ma'aikatan lafiya suke jan kunne a kan aska guda kai goma. Ciwon hanta ma ya fi saurin kamu ta wannan hanya, don ƙwayarsa tana iya yin kwana 7 da rai a busasshen jini. Gaskiyarsu. Sai dai a ganina laifin na tarayya ne, amma ƙarfe aka kama aka ɗaure.

Da kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa, zabirarsa ta faɗo hannuna, don duk 'ya'yansa sun koma noman albasa. Asake uku na samu a ciki. Biyu ƙirar gida ne, baƙin ƙarfe tun daga baki har wutsiya, irin wanda maƙeranmu ke bugawa. Ta ukun mai naɗewa ce, da mariƙin ƙaho, an buga mata sunan Sheffield a gindi, wato garin nan na Ingila da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe. A garin ne ma aka gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, amma masu ƙera aska ba su yi saurin rungumarsa ba, saboda tsohon ƙarfe ya fi ɗaukar kaifi. Abin da ke ba shi kaifin kuwa shi ke sa shi tsatsa.

To, ya kai mai karatu, in irin wannan gado ya faɗo maka, ka fara duba bakin. Jar tsatsa ta sama ba kome ba ce. A jiƙa askar da kalanzir kwana guda, a goge da toka da tsumma, sai ta fita. Amma in tsatsar ta yi rami a kan bakin, an gama. Ɗaya daga cikin na gidan haka na same ta, ko'ina giɓi kamar bakin tsohuwa. Na mai da ita zabira.

Abin da zan roƙe ka, kada ka kai ta wajen mai injin washi na kasuwa. Injin nan na adda ne da gatari. Bakin aska siriri ne ƙwarai, kafin ka ce kwabo ya ɗauki zafi ya yi shuɗi, kuma ƙarfen da ya yi shuɗi ya saki ƙarfinsa ke nan, ko ka wasa shi ba zai riƙe kaifi ba. Dutse mai laushi da ruwa su ne magani, sai haƙuri. Kuma kowace da irin rikonta. Ta Turawa cikinta a rarake yake, saboda haka kwantar da ita ake yi, baya da baki duk su taɓa dutse, a tura baki gaba. Ta gida kuwa sai an ɗan ɗaga bayanta, hannu ne kaɗai ya san iyakar ɗagawar. Nan ne aski ya zo gaban goshi. Sai da na yi yamma uku a wajen wani tsohon wanzami, abokin kawun nawa, yana riƙe da wuyan hannuna yana cewa, "Sannu-sannu, ɗana, ba dawa kake yankewa ba."

Bayan dutse sai fata. A nan baya ake ja, ba baki ba, in ba haka ba ka yanke fatar. Gwaji kuwa gashin hannu ne. In ta ɗauke shi ba ka ji ta ba, ta tashi.

Yanzu biyun suna aiki, amma kai ɗaya suka sani, nawa. Ƙanena ya nemi aro na hana, har ya yi fushi ya kai ƙarata wajen inna. Da damina kuwa ko kwana biyu na bar su ba a shafe da mai ba, sai in ga ja-ja ya fara fitowa a gindin ta Sheffield ɗin.