Agogon da Ya Tsaya Bayan Mai Shi

Sa'ad da aka buɗe ɗakin wani dattijo ɗan kasuwa bayan sadakar uku domin a ƙidaya abin da ya bari, an tarar da agogonsa na hannu a kan buzun sallarsa, inda masu wanka suka ajiye shi. Agogon ya tsaya. 'Yar tagar da ke nuna kwanan wata tana kan 16, alhali kuwa marigayin ya cika ran 14 ga wata da almuru. Matan gida suka ɗauki wannan a matsayin wata ishara, har wata tsohuwa ta ce agogon ya yi zaman makoki ne na kwana biyu sa'an nan ya bi ubangidansa. Gaskiyar maganar ba ta kai nan ba, amma kuma ba ta rasa nata abin mamaki. Agogon Omega ne na ƙarfe, irin wanda ake kira otomatik, wanda marigayin ya sayo a Jidda lokacin da ya sauke farali. Ba ya amfani da batir, ba a kuma yi masa waini. Motsin hannun mai shi ne ke ciyar da shi. Da hannun ya daina motsi, sai ya ci gaba da cin guzurin da ya tara, na wajen awa 40, har ya ƙare.

Magada suka shawarta a sayar da shi a raba kuɗin, tun da agogo ba gona ba ne balle a ja masa iyaka. Aka ba ɗan autan gidan, wanda yake ɗalibi ne, aka ce ya kai shi wurin mai gyara a goge shi, a sake masa fuska sabuwa, don ya yi daraja. Mai gyaran tsoho ne da ke zaune a bakin kasuwa, bayan wani ɗan akwatin gilashi. Ya maƙala tabaraunsa a ido ɗaya, ya buɗe bayan agogon, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Yaro, wa ya ce maka a sake fuskar nan?" Yaron ya ce, "Yayyena ne, Baba. Sun ce ta dushe." Tsoho ya ce, "To, ka gaya musu dushewar nan ita ake saye."

Kafin mai karatu ya gane abin da tsohon yake nufi, lalle ne ya san yadda wannan ɗan ƙarfe yake aiki. A cikinsa akwai sifirin naɗaɗɗe wanda ke tara ƙarfi, da jerin ƙananan wili masu haƙora da ke miƙa ƙarfin daga wannan zuwa wancan. Da za a sake su, da sai ƙarfin ya zube gaba ɗaya a cikin ƙiftawar ido. Abin da ke hana haka shi ne wani wili mai lilo, wanda ke kai da komowa a kan wani sifirin siriri kamar gashi, yana sakin haƙori ɗaya a kowane bugu, sau biyar ko shida ko takwas a cikin sakan guda. Wannan bugun ne ake ji idan an kara agogo a kunne. Christiaan Huygens, wani masani ɗan ƙasar Holan, shi ya fito da wannan dabara ta siririn sifirin a 1675, kuma har yau a kanta ake. Wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe kuwa, akan dasa musu yaƙutu na haɗi don kada su cinye juna.

Yadda sana'ar ta zauna a Suwizalan ma labari ne. Bayan da malamin Kirista John Calvin ya koma birnin Janeba a 1541, an tsananta wajen hana ado da zinariya, sai maƙeran farfaru suka karkata ga ƙirar agogo, domin shi kayan amfani ne, ba a kiransa alfahari. 'Yan gudun hijirar addini daga Faransa suka zo da tasu ƙwarewa, daga baya sana'ar ta hau duwatsun Jura, inda manoma kan yi ta a ɗaka lokacin da ƙanƙara ta rufe gonaki. Amma duk wannan agogon aljihu ne. Na hannu, a da, kayan mata ne. Breguet ya ƙera wa sarauniyar Naples guda, wanda aka yi odarsa a 1810, namiji kuwa in ya ɗaura sai a yi masa dariya. Louis Cartier ya yi wa abokinsa Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama, wani a 1904, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kawar da kunyar, domin sojan da ke riƙe da bindiga a rami ba shi da hannun laluben aljihu. Daga nan Rolex ya fito da agogon da ruwa ba ya shiga a 1926, da mai yi wa kansa waini a 1931. A 1969 Buzz Aldrin ya taka wata da Omega Speedmaster a hannunsa.

Abin lura a nan shi ne, a cikin wannan shekara ta 1969 da sana'ar ta kai ƙololuwa, a cikinta aka haƙa mata kabari. Ran 25 ga Disamba kamfanin Seiko na Japan ya fara sayar da Astron, agogon hannu mai batir wanda ke ƙidaya lokaci da girgizar wani ɗan ƙanƙarar dutse. Da farko tsadarsa ta kai ta ƙaramar mota, amma cikin 'yan shekaru irinsa ya zama na kowa. Agogon inji da ya ci jarrabawar Suwizalan an yarda masa ya yi jinkirin sakan 4 ko gaggawar sakan 6 a kowace rana. Na batir mai araha kuwa kuskurensa bai fi 'yan sakan ba a wata. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, suka ragu zuwa wajen sulusin haka a cikin shekarun 1980.

A wannan zamani ne wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya yi abin da ya sa masu tara agogo ba su manta da shi ba. Yana aiki ne a kamfanin Zenith na garin Le Locle, wanda ya fito da injin El Primero a 1969, mai bugu goma a sakan. Wani kamfanin Amurka ya sayi Zenith, a 1975 kuma aka ba da umurni a daina ƙera agogon inji, a sayar da kayan aikin a matsayin tsohon ƙarfe. Vermot ya rubuta wa shugabanni yana roƙo, ba su saurare shi ba. Sai ya shiga kwashe kayan a ɓoye, da injunan buga ƙarfe da zane-zanen ƙira, yana yi wa kowanne lamba, yana rubutawa a littafi, yana jibge su a can saman bene. Da an kama shi, da aikinsa ya tafi. Kayan suka yi shekaru a nan cikin ƙura. Sa'ad da sha'awar agogon inji ta farfaɗo aka rasa yadda za a sake ƙera El Primero, sai ya nuna inda suke, har Rolex ya ɗauki injin ya sa a cikin Daytona daga 1988 zuwa 2000.

To, me ya farfaɗo da abin da na batir ya riga ya kayar? Haƙiƙa ba daidaiton lokaci ba ne. Masu tarawa suna son abin da ido zai iya bin aikinsa, wanda kuma maƙeri zai iya warwarewa ya wanke ya mayar ko bayan shekara ɗari. Suna son ƙarancinsa, suna kuma son labarin hannun da ya ɗaura shi. A 2017 an yi gwanjon tsohuwar Daytona ta ɗan wasan kwaikwayo Paul Newman, wadda matarsa ta ba shi, a kan dala miliyan 17.8, alhali ta ƙarfe ce, ba zinariya ba. A 2019 wani Patek Philippe ya kai faran na Suwizalan miliyan 31. Saboda haka ne fuskar da rana ta dusar da ita da jikin da bai taɓa ganin injin guga ba suka fi sababbi daraja a wurinsu, domin su ne shaidar cewa ba a yi wa agogon ha'inci ba.

Sai dai ba duka ne abin yabo ba. Da yawa daga masu saye a yau 'yan kasuwa ne kawai, waɗanda kan kulle agogo a akwatin banki suna jiran farashi ya hau, kamar mai ɓoye hatsi. Agogon da aka ƙera don ya rayu da motsin hannu, sai ga shi kwance a duhu, mansa yana bushewa. Ga kuma jabu da ya cika kasuwa, har gwanaye kan ruɗe.

Tsohon mai gyara bai san Vermot ba, bai kuma taɓa halartar gwanjo ba. Ya gaya wa yaron gaskiya, cewa agogon mahaifinsa ba na miliyoyin daloli ba ne, an ƙera irinsa da yawa; amma kuɗinsa zai yi kauri in an bar shi yadda yake, kuma wanki da mai kawai yake bukata. Ya ce a dawo bayan mako guda.

A cikin makon nan yaron ya sami babban wansu, ya roƙa a yi wa agogon kuɗi a cire daga rabonsa. Wan ya yi shiru, domin ya san rabon da zai rage ba zai kai shi ƙarshen karatu ba, ya ce sai an tara sauran magada. Ran da yaron ya koma kasuwa, tsoho ya ciro agogon daga akwati, ya girgiza shi sau biyu, ya kara masa a kunne. Sa'an nan ya ce, "Ɗaura shi ka tafi da shi gida. In ka sa a aljihu, kafin su gama shawara ya sake tsayawa."