A Tura Shi Gaba

Tun ranar da muka sa ƙafa a makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, cikin 1994, mutanen Kuberi suka raɗa mana suna Likita. Mai karatu ya sani, a ƙauye duk wanda ya riƙe allura likita ne, ko da jiya ya fara. Mu ma sunan bai yi mana nauyi ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙan rai, albasarsa ta rani yake kaiwa kasuwar Aliero ya biya mana kuɗin makaranta, lissafinsa kuwa a fili yake: mu gama, ƙaramar hukuma ta ɗauke mu malamin asibiti, a ɗaura mana aure da ɗiyar ƙanensa, shi ke nan ya huta.

Akwai wani littafin ƙa'idojin aiki da ake damƙa wa kowane ɗalibi. Ya faɗa maka tambayar da za ka yi wa majinyaci, da abin da za ka duba, da maganin da za ka bayar. In ciwo ya wuce nan, sai ya ce a tura shi gaba. Littafi ne mai hikima, ya ceci rayuka ba iyaka, har yau ba mu raina shi ba. Amma gaban nan, ga mutumin da ba shi da kuɗin mota, ina ne?

Bazarar 1996 ta ba mu amsa, shekarar da sanƙarau ya ratsa Arewa ya kashe mutum fiye da 10,000. Aka rarraba mu ƙauyuka mu taimaka. A wani ɗakin shan magani wajen Maiyama muka kwana muna yi wa yara allura a ƙarƙashin darbejiya, wuyansu ya sanƙare, iyaye mata na yi musu fifita. Ana cikin haka aka kawo wata yarinya a amalanke, kwananta biyu tana naƙuda, hannun jariri ya riga ya fito. Ba sai mun buɗe littafi ba, mun san abin da zai ce. Tiyata take bukata, mu kuwa ko wuƙar ba a taɓa ba mu mun riƙe ba. Kafin a samo motar da za ta kai ta Birnin Kebbi, la'asar ta yi. Ba ta kai ba. Mijinta ya dawo har inda muke ya ce, "Likita, mun gode, kun yi ƙoƙari." Daga ranar sunan nan ya zame mana ƙaya.

Saura watanni mu gama muka koma ga littattafan kimiyya na sakandare, muka sake jarrabawa, muka zauna ta JAMB. Da takardar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta iso, Baba ya daɗe yana juya ta, ko da yake ba ya karanta boko.

"Shekara nawa?"

"Shida, Baba."

"Kai da aka kira likita, mi kaka zuwa nema Sakkwato?"

Muka rasa ta cewa. Ya sayar da fadama ɗaya. Ɗiyar baffanmu kuwa aka yi mata aure a Jega, ba mu ga laifin kowa ba, budurwa ba ta jiran shekara shida.

Yau mun yi wa mata irin wannan tiyata har mun daina ƙirga, amma a birni, inda akwai wuta da jini da mai sa barci. Abokin karatunmu da ya tsaya ya ƙarasa, shi ne har yanzu ake buga wa ƙofa da tsakar dare a ƙauyukanmu, shi yake rubuto mana 'yar takarda in ya turo majinyaci gaba. Da muka je gida Sallar bara, wata gwaggonmu ta miƙo mana ƙullin magungunanta mu duba. Muka ce ta rage guda ɗaya. Ta karɓe abinta ta ƙulle a bakin zane, ta ce sai ta tambayi Likita tukuna.