Akuyar da ba ta kwana gidan miji

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta ji da kunnen hagu. Duk yaron da ya tashi a gidanmu ya san haka tun kafin ya san sunayen kwanakin mako. In za ka yi mata magana sai ka zagaya ta dama, in kuwa ka manta, sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta ce, "Sake faɗi, maigidana," irin wasan nan na kaka da jika. Da muka tambaya, aka ce mana sanƙarau ne ya taɓa ta tana yarinya. Amsar ta shige mu, domin a ƙauyukanmu na gabashin Tasawa da wuya a sami zuriyar da sanƙarau bai yi wa ɓarna ba a lokacin zafi. Sai a shekarar 2004, kwana uku bayan mun kai ta makwancinta, gwaggona ta faɗa mini gaskiya a bakin murhu, ba tare da na tambaya ba, da murya irin ta mai faɗin kuɗin tiyar hatsi. Kakanmu ne ya buge ta da ƙotar gatari a gona, tana goye da mahaifina, saboda fura ta makara.

Wannan kakan na san shi. Tsoho ne mai sanyin magana, aljihunsa ba ya rabuwa da dabino, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga wa ko kaza murya ba. Na daɗe ina ƙoƙarin haɗa mutumin dabino da mutumin gatari su zama mutum guda, har yau ba su haɗu mini ba.

Abin da gwaggo ta ƙara da shi ya fi labarin kunnen nauyi. Ta ce a daren nan Iya ta yi yaji, ta taka da ƙafa zuwa ƙauyen iyayenta, jini na bin wuyanta. An karɓe ta, an gasa mata wurin, an yi Allah wadai. Amma shekarar ba ta yi albarka ba, rumbun mahaifinta ya kusa ƙasa, ga ta da goyo. Kwana biyu kacal aka maida ta, tun kafin mijin ya aiko biko. Babu wanda ya ce mata hatsi ne dalili. Haƙuri aka ba ta, aka tuna mata cewa harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ita kuwa ta fahimci abin da ba a faɗa ba: macen da ta yi yaji hannu sake, baki ce ta ƙara a gidan da ba a shirya mata ba, kuma za a nemo karin maganar da za a raka ta da ita. Daga wannan shekara ta fara ware wani abu daga gamanarta, ɗan filin da ake yanka wa mace gefen gandu, har ta sayi ƴar akuya. Ba ta kawo ta gida ba. Ta kai ta wajen ƙanenta ta ce ya riƙa mata.

Yunwar 1984 ce ta fitar da mu daga ƙauye zuwa Maraɗi, ina da shekara biyar. Mahaifina ya kama ɗan kasuwancin kai da kawo tsakanin Maraɗi da Jibiya, wata rana a samu, wata rana a rasa. Ba na kawo wannan don in wanke shi. A layinmu akwai waɗanda suka fi shi talauci ba su taɓa ɗaga hannu ba, akwai kuma alhazai masu gidan siminti da ake jin kukan matansu ta saman katanga. Abin da na riƙe daga waɗancan shekaru sauti ne fiye da gani: ƙarar kwano da ya faɗi, shirun da ke biyo baya, sa'an nan muryar Inna ƙasa-ƙasa tana cewa yara na barci. Ba ma barci. Ni da yayana muna kwance a tabarma ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, kowa na yi wa ɗayan ƙaryar minshari. Da asuba Inna ta durƙusa ta gaida shi, ya amsa, ta ɗora koko. Maƙwabta kuma su ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Iya tana tare da mu a lokacin. A gaban mutane, maganarta ɗaya ce da ta kowace tsohuwa: "Ki yi haƙuri, ɗiyata, aure ɗan haƙuri ne." Na girma ina jin haushinta a kan wannan, ina ganin ta goyi bayan ɗanta. Ban san cewa tun shekarar da aka kawo Inna gidan, Iya ta kira ta ɗaki ta ce mata akwai ƴar akuya daga cikin nata da ta ba ta, amma da sharaɗin ba za ta kwana gidan miji ko dare ɗaya ba, a kai ta wajen wan Inna. Uwar miji ce fa, take yi wa surukarta tanadin ranar da za ta guje wa ɗan da ta haifa. Ba ta taɓa ce wa ɗan nata ya daina ba, a iya abin da kunnena ya ji. Watakila ta san ba zai ji ba, watakila kunyar ɗan fari ta hana. Ta dai yi abin da hannunta ya kai.

Inna ta yi yaji a 1992, bayan daren da ya fi sauran muni, ta yi wata huɗu. Akuyar nan ta riga ta zama bakwai. Ta sayar da biyu, ta sayi gujiya, ta shiga yin mai da ƙuli-ƙuli a gidan wanta, tana zuba nata a tukunyar gidan, ta yadda babu matar da za ta yi mata gorin tuwo. Sau biyu aka je biko tana cewa ba ta shirya ba. A karo na uku ta sa aka tara dattawan ɓangarorin biyu, ta faɗi abin da ake yi mata dalla-dalla a gaban mahaifina, abin da ba a saba ji daga bakin mace ba, sa'an nan ta dawo. Saboda mu ta dawo, ba ta ɓoye ba. Ta san in auren ya mutu, al'ada za ta bar mu wajen uba, mu tashi a hannun wata. Mata suna da sunan wannan, suna cewa zaman ƴaƴa. Dukan bai ɗauke nan take ba, ya dai yi sauƙi. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, kasuwar mahaifina ta durƙushe, ya zama ƙuli-ƙulin Inna ne ke sayen hatsin gida rabin shekara, yayana kuma ya fi baba tsawo. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu hannun ya sauka, bai sake tashi ba.

A cikin waɗannan shekaru ne ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suka iso unguwarmu. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a kulle a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban. Inna ta shiga ba tare da dogon bayani ba. Da na karanta rahotannin da ake rubutawa da Faransanci a kan wannan tsari daga baya, na ga ana yaba shi a matsayin sabon abu, kuma ta wata fuska sabo ne. Amma ni akuyar Iya na gani an sa mata kwaɗo.

Yanzu sai in zo kan kaina, wurin da na fi son in tsallake.

An aurar da ƙanwata a 2002 tana da shekara 16, aka kai ta Damagaram. Bayan ƴan shekaru aka turo ni koyarwa wani kwaleji a garin, ina malamin kwantiragi, albashi na zuwa in ya ga dama. Wata safiya a 2009 ta iso ɗakin da nake haya, ido ɗaya a rufe don kumburi. A makon nan ina karanta wa ɗalibaina littafin Mariama Bâ, Une si longue lettre, wanda ya fito a 1979, ina tsaye gaban allo ina yi musu bayanin mutuncin mace da kalmomi masu daɗin ji. Na ba ƙanwata ruwa, na saya mata magani, na ce ta yi haƙuri. Da la'asar na ɗora ta bayan babur na maida ta da kaina. Mijinta ya taɓa ranta mini jika talatin lokacin da albashi ya yi wata biyu bai zo ba, kuma ɗakina ɗaya ne, kuma ina jin nauyin a ce ƙanwar mushe ta kashe aure. Waɗannan su ne dalilaina, na jera su ne don mai karatu ya ga ƙanƙantarsu. Ta sake zuwa bayan wata biyar, na sake maida ta. A karo na uku ba ta biyo ta wajena ba. Ta shiga mota ta wuce Maraɗi.

Inna ba ta ce mata haƙuri ba. Ta karɓi rance daga akwatin asusu, ta haɗa da kuɗin awaki, aka je gaban alƙali aka maida wa mijin sadakinsa, aka raba auren. Ya riƙe ƴaƴa maza biyu, ta taho da ta goye. Shekara shida ba ta ga manyan ba sai a sallah, in an ga dama. Ban taɓa jin ta ce ta yi nadama ba, ban kuma taɓa ganin ta wuce yaro mai shekarunsu a hanya ba ta bi shi da kallo ba. Yau tana da keken ɗinki biyu da yarinyar da take koya wa aiki, yaran kuma sun girma, suna zuwa da ƙafarsu.

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da kiwon lafiya na 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18. Ya kuma nuna cewa wajen mata 60 cikin 100 suna ganin miji na da hujjar dukan matarsa a kan aƙalla dalili ɗaya, irin fita ba izini ko gardama, alhali mazan da suka faɗi haka ba su kai 30 cikin 100 ba. Na ji wasu abokan aikina suna dariya da wannan, wai ai ga shi matan da kansu sun yarda. Ni kuwa na san irin amsar da Iya za ta ba baƙon da ya zo da takarda yana tambaya. Za ta ce miji na da iko, ta raka shi ƙofa, ta koma ta aika a dubo mata lafiyar akuyarta. Dokar ƙasa tana hukunta duka da rauni ko wane ne ya yi, amma aure da saki da riƙon ƴaƴa, a yawancin gidajenmu, al'ada ce ke yanke su. Mata sun yi jerin gwano a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Daftarin dokar iyali ya tsaya a 1994, majalisar dokoki kuma ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a 2006. Malamanmu suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba, kamar yadda aka ruwaito daga Nana A'isha, sai dai ba kullum wannan darasi ke fita daga zaure ya shiga cikin gida ba.

A 2015 na mari matata. Sau ɗaya ne, a kan maganar da ban ma iya tuna farkonta ba. Da na juya sai na ga ɗiyarmu, mai shekara huɗu, kwance a tabarma ta juya mana baya, idonta a rufe gam fiye da yadda mai barci ke rufewa. Matata ta tafi gidansu da safe. Na buga wa Inna waya na roƙe ta ta je mini biko, tun da iyayen matar suna ganin girmanta. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sa'an nan ta ce, "Ni ba ni zuwa biko. Hannun da ya yi, shi zai je." Na je ni kaɗai, sau uku, na zauna a ƙasa gaban surukina na faɗi abin da na yi da bakina. Ta dawo bayan kwana arba'in. Tun daga wannan wata ban sake shiga aji da bulala ba, ko da yake babu wanda ya ce mini abubuwan biyu suna da dangantaka.

Har yanzu ina koyar da littafin Mariama Bâ. Kowace shekara nakan tambayi aji wa ta fi gaskiya, Ramatoulaye da ta zauna ko Aïssatou da ta tafi, kuma kowace shekara ajin ya rabu biyu, a yi ta gardama har a buga ƙararrawa. Bara wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, da Hausa, ko da yake darasin Faransanci ne: "Mushe, Aïssatou ta tafi da ƴaƴanta huɗu, ta yi karatu, ta sami aiki a ofishin jakadanci a Amurka. Wadda ba za a ba ta ƴaƴanta ba, ina za ta?" Na ce tambaya ce mai kyau, abin da malami ke faɗi ke nan in an kama shi.

Da hutun damina na kai iyalina Maraɗi. Inna ta tsufa, gwiwa ta hana ta suyar ƙuli-ƙuli, amma ba ta fasa zuwa taron asusu ba. Ranar da za mu koma, ta kira ɗiyata, wadda ta shiga shekara 14, ta nuna mata wata ƴar akuya ja mai farin goshi a turke, ta ce ta ba ta. Na yi godiya, na ce akwai wuri a bayan gidanmu, zan sa a yi mata ɗan shinge. Inna ba ta dube ni ba. Ta ce a kai ta Mirya, wajen kawun yarinyar, wan uwarta, shi zai riƙa mata. Na ce ai ba aure za mu yi mata yanzu ba, karatu take, kuma ko an yi, gidan ubanta na nan. Ta ce ta sani.

Ni na biya kuɗin motar akuyar, jika ɗaya da rabi. Aka ɗaure ta a saman kaya, tana ta kuka har muka wuce Tasawa.