Alimun Bayan Aski: Kowa Ya Riƙe Nasa



Duk wanda ya baro Arewa ya zauna a Legas ya san sai fatarsa ta sake koyon zama. A gida in ka yi aski, kafin ka fito daga zaure iska ta busar da wurin. A nan kuwa gumi ba ya barin wuya ya bushe, ga wuyan riga yana gugarsa, kwana biyu sai ka ga ƙuraje sun feso a ƙarƙashin haɓa da ƙeya. Ko mai gemu bai tsira ba, tunda shi ma yana gyaran saje, yana aske kai. Abin da na riƙe shekara da shekaru saboda wannan shi ne alimun, wanda wasu ke kira alif, kuma a kansa nake so mu ɗan tattauna yau.

Ba sai an je kanti ba. A Mile 12, ko Agege, ko Idi Araba, tambayi matan da ke sayar da kanwa da kayan miya, za su miƙo maka shi. Su a nan da shi suke wanke yauƙin katantanwa da tarwaɗa, mu kuma tun muna yara mun san shi a randa, in ruwan rafi ya yi laka a kaɗa shi a ciki datti ya kwanta. Tsohon kaya ne ƙwarai. Al-Idrisi, masanin ƙasa da ya kammala littafinsa a 1154, ya ambaci alimun ɗin Kawar, can wajen Bilma a Nijar ta yau, wanda fatake ke ɗauka zuwa Masar da Magrib. Yanzu ga shi kamfanonin waje suna yanka shi kamar sabulu, su sa a kwali mai ƙyalli, su tsawwala kuɗi. Ni dai na kasuwa nake saye, in zaɓi wanda ya fi haske kamar ƙanƙara, ba mai gari-gari ko jirwaye ba.

Aikinsa guda ne: tsuke fata. Gishiri ne na ma'adini, in ya jiƙe ya taɓa nama sai wurin ya ɗan takure, ƙananan jijiyoyin da reza ta yanka su rufe baki, jinin ya tsaya. Yana kuma rage wasu ƙwayoyin cuta da ke saman fata, shi ya sa wasu ke goga shi a hammata don warin gumi.

Ga yadda nake yi. In na sayo dunƙule, sai in goge kaifinsa a cikin ruwa har gefe ɗaya ya yi sumul, domin na kasuwa da tsini yake zuwa, kana neman tsayar da jini sai ya ƙara maka wani yankan. Bayan aski in wanke fuska da ruwan sanyi, in jiƙa shi, in bi wurin a hankali ba da dannawa ba. In bar shi kamar rabin minti, in ɗauraye. Daga nan sai ɗan man kaɗanya, wanda Yarbawa ke kira ori, saboda alimun yana busar da fata, musamman in hunturu ya leƙo a Disamba. Kada ya kusanci ido. In kuma yanka ne babba mai zubar da jini sosai, wannan ya wuce aikin alimun.

Abin da ya fi burge ni da shi kuwa raɗaɗinsa ne. Inda aska ta bi lafiya ba za ka ji komai ba sai sanyi. Inda aka danna da yawa, ko aka maimaita, ko rezar ta dakushe, nan take zai cije ka. Ba ya yi wa kowa kara. Da shi na gane cewa gashin wuyana ba ƙasa yake kwanciya ba, gefe yake nufa, na daina binsa ta baibai. Wannan ne ma ya rage mini ƙurajen fiye da alimun ɗin kansa. Domin gashinmu mai murɗewa ne, in an aske shi ƙwal har ƙasan fata, wajen fitowa sai ya lanƙwaso ya soki nama, wurin ya kumbura. Alimun ba ya miƙar da gashi. Wanda ƙurajensa suka yi yawa gara ya koma kilifa, ya bar ɗan tsiro, in kuma na ƙeya ne da suka fara tauri suna haɗewa, ya nemi likitan fata tun kafin su zama tabo.

To ga inda maganar take da nauyi. Wanzamanmu da masu shagon aski da dama sun waye da batun reza: a gabanka ake ɓare sabuwa, a gabanka ake jefar da ita. Amma a wurare da yawa dunƙulen alimun guda ne a zabira ko a kan tebur, shi za a goga wa na farko da safe, shi za a goga wa na ashirin da yamma. Kuma a ina ake goga shi? Daidai inda jini ya fito. Ashe an canza reza ne kawai, hanyar tana nan a buɗe.

Alimun ba a yi shi don kashe ƙwayar cutar hanta ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a wajen jiki, ko a busasshen jini, ba ta mutu ba. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ita, yawancinsu kuma garau suke yawo, ba su sani ba. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai a ƙasar nan, ke nan mu da aka haifa kafin lokacin ba mu samu a yarinta ba. Babba ma yana iya zuwa asibiti a gwada shi, in ba ya da ita a yi masa allurar. Mu da muke kwana mutum shida a ɗaki ɗaya a kasuwa, ana aron tsinken sakace da farcen yanka, ba ma buƙatar ƙarin ƙofa.

Ba ina cewa a guji wanzamai ba ne. Nawa dattijo ne, ya fi shekara goma yana mini aski, kuma babu kilifar da ta kai hannunsa. Ranar da na fara zuwa da alimun ɗina ya dube ni ya ce, "Alhaji, nawa ya yi laifi ne?" Na ce, "A'a Baba, naka na jama'a ne, wannan kuwa na fuskata ne kaɗai." Ya yi dariya ya karɓa. Yanzu in na manta shi a ɗaki, ruwan sanyi kawai yake shafa mini.

In ka gama, ɗauraye shi, ka tsane shi da tsumma, sannan ka sa a ƙaramar roba mai murfi. Kada ka bar shi a banɗaki, damshin Legas zai cinye shi kafin damina ta fita. In ya faɗi ya fashe kuma kada ka zubar, ɓarɓashin ma in ka jiƙa a ɗan ruwa ka shafa da auduga zai yi aiki.