Kwalbar fiya-fiya a ƙarƙashin gado

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Maganar ɗalibai masu kashe kansu ce, kuma na san tun daga layin farko wani zai ce "A'uzubillahi, wannan ai ba halinmu ba ne, na Turawa ne." To ni dai ban yarda ba. Abin da na sani shi ne mu ba ma ƙirgawa. Idan abin ya faru a gida, sai a ce gajeriyar rashin lafiya, a yi jana'iza kafin la'asar, a rufe zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. Irin namu ke nan. Kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29, wato daidai shekarun waɗanda suka cika ɗakunan haya a Yelwa da Gwallameji.

A cikin takardun da na karanta don semina a karatuna na mastas, labarin da ya fi tsaya mini a rai na wani tsibiri ne, Sirilanka, can ƙasan Indiya. A 1995 suna cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu kashe kansu a duniya. Da yawansu manoma ne, kuma maganin ƙwari na gona yana nan a gidaje da yawa. Gwamnati ba ta jira ta gama da talauci ba, ba ta jira ta samu likitocin ƙwaƙwalwa isassu ba. Ta bi magungunan da suka fi kisa ta haramta su ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara 20 adadin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100, masu bincike suka ƙiyasta an tsirar da rai kusan 93,000, kuma amfanin gona bai ragu ba.

Da farko abin ya ɗaure mini kai. Ai wanda ya yi niyya zai nemi wata hanyar, ko? Ashe ba haka abin yake ba ga mutane da yawa. Ƙuncin da ke kai mutum can yakan zo ne kamar hadari: ya haɗu, ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci cikin mintuna ko 'yan awoyi bayan faɗa da gida ko ganin sakamako, sannan ya washe. Idan a wannan ɗan tsakanin babu mugun abu kusa da hannu, mutum yakan kai gobe. Kuma bincike ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙurin ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba.

Yanzu ku dawo ɗakunanmu. Ɗaki nawa ne babu fiya-fiya ko Sniper a ƙarƙashin gado saboda sauro da kuɗin cizo? A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shagunan unguwa, bayan labaran matasa sun yi yawa a jaridu. Amma kowa ya san ba a wahalar samunsa. Ni tun da na karanta wancan labarin na fitar da shi daga ɗakinmu, na sayi gidan sauro. Abokin zamana ya yi ta mini dariya wai na zama malamin kiwon lafiya. Ya yi ta yi.

Abubuwan da ke danne ɗalibi kuwa ba sai na lissafa muku ba. Kari-oba da ba ka iya faɗa wa Baba ba, alhali ya sayar da buhunan masara ya biya rajista. Yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas, ƙannenka a jami'o'in kuɗi suka wuce ka. Soyayyar da ta watse. Bashin manhajojin waya da ke tura wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci. Caca ta intanet, wadda ba a son ambata amma ta ci samari da yawa. Mu 'yan mastas namu daban ne: ga iyali, ga aiki ko rashinsa, ga babi na uku da ya shekara ana dawo maka da shi, kowa kuma yana tambaya "har yanzu ba ka gama ba?"

Lokacin digirina na farko akwai wani abokinmu, mai barkwanci ne sosai, shi ke raya majalisa. A aji uku ya daina zuwa lakca, ya daina fitowa jam'i, yana kwana har azahar. Muka ce lalaci ne, wasu suka ce shaye-shaye ya fara. Wani ɗan ajinmu ne, wanda ba ma shi ne na kusa da shi ba, ya lura yana rarraba littattafansa da takalmansa yana neman yafiya. Ya je ya zauna da shi ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Ya ce eh. A daren nan bai kwana shi kaɗai ba, washegari aka kira yayansa aka kai shi asibiti. Yau yana koyarwa, da mata da 'ya'ya biyu.

Mutane na tsoron wannan tambayar, wai kar a saka wa mutum tunanin a kai. Masana sun bincika, ba ta sakawa. Abin da ke rufe bakin mutum shi ne amsar da muka saba bayarwa: "Kai, ina imaninka?" Shi fa ya san haramun ne, tun yana Islamiyya ya sani, kuma ɗan'uwanmu Kirista ma ya ji a coci. Wannan sanin yana riƙe mutane da yawa, Alhamdu lillahi. Amma ciwon damuwa ciwo ne, yana kama mai tahajjud kamar yadda hawan jini ke kama shi, kuma ba wanda ke hana mai hawan jini haɗa addu'a da magani. Da a ce 'yan MSSN da FCS za su koya wa shugabanninsu yadda ake sauraron irin wannan mutumin, da sun fi kowane ofishi isa gare shi, don su ne ke shiga ɗaki-ɗaki.

Doka ma ba ta taimaka ba. Sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin. Ka tsira da ƙyar, a ce kuma kai mai laifi ne. Wa zai kai ɗansa asibiti ya faɗi gaskiya a haka? Gana ta soke irin wannan dokar a 2023. A wannan shekarar aka sanar da sa hannun Buhari kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sannan a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya ce gwamnati na aikin cire yunƙurin daga jerin laifuka. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200, shi ya sa abokin ɗaki ke da muhimmanci haka.

Idan kai ne ke cikin wannan halin yanzu, don Allah ka faɗa wa mutum ɗaya a daren nan, ka ba shi duk abin da kake tsoron kanka da shi ya tafi da shi. Je asibitin makaranta ko asibitin koyarwa, ka ce a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa. Ba sai ka yi dogon bayani a wurin yankar kati ba. Akwai kuma SURPIN, masu layin waya na musamman kan wannan matsalar, lambobinsu na intanet. Idan kuma abokinka ne, kar ka yi masa alkawarin rufa asiri, kar ka bar shi shi kaɗai, ka kira wani babba a gidansu wanda yake jin maganarsa.

Wakilan aji da ke bibiyata a nan, ku tura wannan a guruf ɗinku na WhatsApp, musamman makon da za a manna sakamako.