Abin Da Lambobin Romawa Suka Koya Mini

Ni dai ɗalibin Hausa ne, don haka ran da aka ce wajibi ne kowannenmu ya ɗauki darasin kwamfuta, sai da gabana ya faɗi. Aikin da malam ya ba mu shi ne mu rubuta wa kwamfuta umarni cikin harshen Python, ta riƙa mayar da alƙaluma zuwa lambobin Romawa, irin waɗanda muke gani a shafukan farko na kundayen digiri.

Haruffan bakwai ne kacal: I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Idan ƙarami ya gabaci babba, sai a ɗebe shi, shi ya sa IV ya zama 4, IX kuma 9. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin ai mu ma mukan ce ashirin ba ɗaya maimakon sha tara.

To, sai na zauna na yi ta jera sharaɗi bisa sharaɗi, idan kaza ne yi kaza, har layi wajen sittin. Sunayen da na laƙa wa abubuwa kuwa, daga a sai b sai c. Na gwada 7, na gwada 40, duk suka fito daidai, na kwanta ina murna.

Ashe malam da nufinsa. Ranar duba aiki sai ya ce kowa ya miƙa wa na kusa da shi nasa, kuma makinka yana ga yadda abokinka ya iya bayyana abin da ka rubuta. Abokin nawa ya shigar da 1994, kwamfuta ta fito da MDCCCCXCIV maimakon MCMXCIV. Ya nemi inda kuskuren yake ya rasa. Aka ce in nuna masa, ni ma wallahi na rasa, ga shi mako biyu kawai da rubutawa. Kunya ta rufe ni, malam ya ba ni kwana uku in gyara.

Wannan abokin ne ya fid da ni. Ya ce in ware ƙimomi goma sha uku a jeri guda, kowace da alamarta, daga babba zuwa ƙarama: 1000, 900, 500, 400, 100, 90, 50, 40, 10, 9, 5, 4, 1. Umarnin kuwa ɗaya ne: muddin ƙima ta shiga cikin lambar, rubuta alamarta ka ɗebe ta, in ba ta shiga ba ka wuce gaba. Muka ba kowane abu suna mai ma'ana, muka sa ta ƙi karɓar sifiri, tunda Romawa ba su da alamarsa, da duk abin da ya haura 3999. Layi sittin ya koma goma sha biyu. A nan na gane ashe 900 na manta tun farko.

'Yan'uwa ɗalibai, kullum ana yi mana faɗa kan ƙa'idojin rubutun Hausa, muna ganin takura ce. Yanzu na gane dalili. Kwamfuta ba ruwanta da kyan tsari, amma mutumin da zai karanta bayanka da ruwansa, kuma sau da yawa mutumin nan kai ne da kanka. Allah Ya sa mu gane, amin.