Kwalkwalin Kwali Mai Fanka: Yadda Muka Sama Wa Ƙannenmu Iska

 Duk wanda ya tashi a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san zafin bazara ba sai an ba shi labari ba. Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, kuma ko da dare ganguna ba sa hucewa da wuri. A shekarun 2024 da 2025 azumi ya faɗo a cikin wannan yanayi, tashe ma ya biyo shi, tunda goma ga wata yara ke fara fita. A kan wannan ne muke so mu ba ku labarin wani ɗan aiki da muka yi.

Mu huɗu ne, ɗaliban jami'a, biyu 'yan Ƙaura, ɗaya ɗan Shinkafi, ɗaya ɗan Zurmi. Idan muka dawo hutu, ƙannenmu kan kawo mana kwalaye mu yanka musu kayan tashe da na wasan kwaikwayon makaranta. Da gemun auduga da tsumma sun wadatar. Yanzu kuwa yaro ya ga fim a waya, so yake ya fito kamar mutum-mutumi, kai a rufe ruf, da gilashin roba a gaban ido. Wasu kuma so suke su fito a matsayin mayaƙan Namoda, jarumin Alibawa da garinmu ya ci sunansa, wanda yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808.

Sai dai ku lura da kwalkwalin 'yan lifida idan an yi hawan salla. Kai yake karewa, fuska a buɗe take. Kakanninmu sun san ƙasarsu, sun san mutum a cikin lifidi yana buƙatar numfashi. Na fim da yara ke kwaikwayo kuwa akwati ne a kan wuya. Mun ga wani yaro a unguwarmu ya zube ana tsakiyar rawa cikin irin wannan akwati da abokansa suka haɗa. Da aka cire masa, ya jiƙe sharkaf, yana haki. Allah ya kiyaye, ya farfaɗo bayan an yayyafa masa ruwa, amma iyaye da dama suka ce ba kwalkwali kuma. Ƙannenmu suka yi tsuru-tsuru. Muka ce to, bari mu ga abin da karatunmu zai iya.

Abu uku ne ke taruwa a cikin rufaffen kwalkwali. Na farko zafin jiki, wanda kai da fuska ke fitarwa. Na biyu danshi: gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe, idan iska ta tsaya cik kuma ta cika da tururin numfashi, sai gumin ya yi ta kwarara a banza. Na uku shi ne wanda ido ba ya gani, wato iskar kabon dayoksaid. A iskar waje ba ta wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba, amma a numfashin da muke fitarwa ta kai wajen kashi 4 cikin ɗari, ninki ɗari ke nan. Idan ta maƙale a gaban hanci, ita yaro zai riƙa maimaita shaƙa, sai ciwon kai da jiri su biyo baya. Ko 'yan sama jannatin Apollo 11 da suka taka wata a 1969, sai da aka tsara kwalkwalinsu yadda iska ke shigowa ta ƙeya, ta bi ta saman kai, ta wanke fuska.

Daga nan muka ɗauki darasi. Fanka ba ta ƙera sanyi, tura iska kawai take yi. Idan ka saka ta a cikin akwatin da ba shi da ƙofa, zafin nan dai za ta yi ta juyawa. Don haka dole a sami mashiga da mafita. Muka huda rami biyu a gefen kumatu, ƙasa-ƙasa, muka ɗora fanka ɗaya a kowanne tana jawo iskar waje zuwa ciki. Sannan muka huda wasu ramuka a ƙololuwar kwalkwalin ta baya, domin iska mai zafi sama take tashi. Muka ɓoye su a ƙarƙashin gashin kaza da muka yi ado da shi a madadin na jimina. Ƙasan wuya kuma muka bar shi a sake.

Fankokin da muka yi amfani da su ƙanana ne, masu faɗin milimita 40, irin na cikin na'urorin lantarki. Wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da kwamfuta muka samo su. Kafin ya miƙo mana sai ya ce, "Samari, ku karanta abin da aka rubuta a bayanta tukuna." Muka ce, "Baba, me za mu duba?" Ya nuna mana lambar. Wadda aka rubuta 5V ita ce ke tafiya daidai da fawa banki, domin bolt 5 yake bayarwa. Ta cikin babbar kwamfuta yawanci 12V ce, a bolt 5 ko dai ta juya a sanyaye ko ta ƙi tashi.

Haɗin ba wuya. Ka sami tsohuwar igiyar caji ta USB, ka yanke kan da ke shiga waya. A yawancinsu za ka ga siraran wayoyi huɗu: ja, baƙa, fara da koriya. Ja da baƙa su ne na wuta, sauran biyun na saƙo ne, ka naɗe su daban-daban da salatif ka ajiye. Ja ta fanka ta haɗu da ja, baƙa da baƙa, fankokin biyu duk a kan wayoyin guda. Idan fankar na da waya ta uku, rawaya, ta ƙirga gudu ce, ba ruwanka da ita. Duk inda aka haɗa, a narka dalma a kai, a rufe da salatif, kada ja ta taɓa baƙa. Kafin a manna fanka da gam, a kunna ta a riƙe zare a gabanta don a ga inda take hura iska.

Ga ɗan lissafi ga masu son Fiziks. Idan fanka tana jan amfiya 0.2 a bolt 5, wat 1 take ci. Biyu, wat 2. Fawa banki mai 10,000mAh, batirinsa na bolt 3.7 ne, wato yana ɗauke da wat-awa 37. Raba 37 da 2, ka sami awa 18 da rabi. Ko an cire abin da ke salwanta a hanya, ya wuce awa goma. Tashen dare guda bai kai rabin haka ba.

Akwai sharuɗɗan da ba mu yarda a karya ba. Fawa banki ba ya zama a cikin kwalkwali. A aljihu yake, igiyar ta bi ta bayan riga, saboda batirin litiyam idan ya yi zafi sosai ko ya huje yana iya kamawa da wuta, wanda ya kumbura kuwa a rabu da shi. Kowace fanka sai an rufe ta da guntun ragar taga ta ciki, kada ta ja gashi ko ta karci kunne. Kwalkwalin da aka yi wa gam ko fenti sai ya kwana biyu a inuwa warin ya fita. Ba a ɗaure shi da igiya a wuya, dole mai shi ya iya cire shi da hannu ɗaya. Kuma muka sa doka tamu: bayan kowane minti goma sha biyar a cire, a huta. Idan iskar waje ta fi jiki zafi, fanka kaɗai ba ta isa kariya, sai da ruwa da inuwa. Saboda haka mai azumi ba ya sa shi da rana, ko da gwaji ne.

Sharaɗi na ƙarshe ya shafi halin da yankinmu ke ciki. Kun san ba a wasa da rufe fuska cikin dare a wannan lokaci. Muka je muka gaida mai unguwa, muka nuna masa kayan, ya sa albarka da sharaɗin a tsaya a cikin unguwa, kuma kowane yaro ya ɗaga kwalkwalinsa ya yi sallama kafin ya shiga gida. Ku ma ku yi haka, kuma ku nemi izinin iyaye.

Da muka kammala na farko, gwajinmu mai sauƙi ne. Ƙaninmu ya sa, fanka a kashe, nan da nan gilashin roba ya dushe da tururi. Aka kunna, ya washe muna kallo. Mahaifiyarsa ta karɓa, ta sa hannu a ciki ta ji iska, ta ce, "To, ya je, amma yayyensa su bi shi."

A Ƙaura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, a Gusau akwai Jami'ar Tarayya tun 2013. Abin da ake koyarwa a can da ire-iren wannan yake farawa: waya ja, waya baƙa, da tambayar ina iska za ta shiga, ina za ta fita. Idan kun haɗa naku, ku kai wa malamin kimiyya ya duba kafin kowa ya sa a kansa. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya.